Ƴan Fatsa da Dokar Ruwa: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Kamun Kifi na Sha'awa a Yamai

A Yamai akwai mutanen da su ba sana'arsu ba ce, amma ba su iya yin mako guda ba su je bakin kogi da sanda da ƙugiya ba. A cikinsu akwai malamin makaranta, akwai ɗan kasuwar Katako, akwai ɗalibin jami'a daga Harobanda, akwai dattijon da ya ajiye aiki. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suke ta dawowa a tsakaninsu, musamman idan hira ta kai ga wa ke tsara dokar kamun kifi, da ko ɗan fatsa yana da ta cewa a ciki.

Wane ne mai kamun kifi na sha'awa, kuma me ya raba shi da masunci?

Mai sha'awa shi ne wanda in ya tashi hannu Rabbana, iyalinsa ba za su kwana da yunwa ba. Kayansa sanda ne da zare da ƙugiya da ɗan dalma da gwangwanin tana. Masunci kuwa yana da jirgi da kalli da birgi da mamari, da matar da ke jiransa a gaɓa da kwano za ta kai kasuwa, da bashin raga da bai gama biya ba. A Gamkalle da Saga da Goudel akwai gidajen Sarkawa da suka gaji ruwan nan iyaye da kakanni.

Akwai kuma na tsakiya, wanda ake yawan mantawa da shi: magidanci ko yaron da ke fatsa don a samu na sawa a miyar dare. Kayanku iri ɗaya ne da shi, amma buƙatarku ta sha bamban. Duk sharaɗin da za ka nemi a sa wa ƴan ƙugiya, ka tuna shi ma zai hau kansa.

Nijar ba ta da teku. Me ya haɗa mu da maganar dokokin kamun kifi na duniya?

Kifin ƙanƙara da ake soyawa a kowace unguwa daga teku ya fito, ta tashoshin jiragen ruwan maƙwabtanmu. Duk ranar da ya yi tsada, ido kan koma kan na kogi. Bayan haka, ƙa'idojin da ƙasashe ke sa wa hannu ba su tsaya a ruwan gishiri ba. Kundin kamun kifi bisa amana da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar a 1995 ya haɗa da koguna da tafkuna, kuma a 2012 hukumar ta fitar da jagora na musamman kan kamun kifi na sha'awa. Yarjejeniyar da aka cim ma a Montreal a Disamban 2022, ta a kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da ruwa kafin 2030, ita ma ta ambaci ruwan cikin ƙasa.

Kogin kansa ba namu ba ne mu kaɗai. Ya taso daga tsaunukan Gini, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,200, wajen 550 daga ciki ne kawai suka ratsa Nijar. Hukumar da ke haɗa ƙasashe tara masu ruwa da tsaki a kansa, ABN, a nan Yamai take da mazauni tun kafa ta a 1980, kuma a nan aka amince da yarjejeniyar ruwan kogin a 2008. Wato teburin shawarar yana cikin garinmu, mu ne dai ba mu kusance shi ba.

Sai na yanki takardar izini kafin in jefa ƙugiya?

A doka, haƙƙin kamun kifi a ruwan jama'a na gwamnati ne, ita ke ba da shi. Dokar 7 ga Disamba 1998 ta raba izini gida uku: na kasuwanci, na bincike, da na wasa ko sha'awa. A 2021 an yi sabuwar doka wadda ta haɗa kamun kifi da kiwonsa. Ma'aikatan gandun daji, da ke ƙarƙashin ma'aikatar muhalli, su ne masu ba da takarda da sa ido. Ka je ofishinsu da kanka, ka tambayi abin da ya hau kanka a bana, ka biya a can, ka karɓi shaidar biya. Kada ka miƙa wa kowa kuɗi a bakin ruwa.

Da yawa za su ce shekara da shekaru suna fatsa ba wanda ya taɓa tambayarsu. Gaskiya ne. Sai dai wanda ba ya cikin rajista ba ya cikin lissafi, kuma ranar da za a kira taro ba a san da shi ba balle a aika masa takarda.

Waɗanne hanyoyin kamu ne aka haramta?

Guba kowace iri, ta gargajiya ko maganin ƙwari na gona, abin fashewa, wutar lantarki, raga mai ƙananan idanu da ke kwashe ƴaƴan kifi. Gidan sauro da ake ja a gefen ruwa yana cikin wannan na ƙarshe, ko da yara ne ke ja. Abin da ya kamata ka yi in ka ga ana aikata ɗaya daga cikinsu yana cikin amsar da ta yi magana kan kai ƙara.

Wa ke da iko da ruwa, hukuma ko sarkin ruwa?

A takarda hukuma ce. A gaɓa kuwa, maganar sarkin ruwa da dattawan masunta ita ce ke shiga kunne. Su suka san gurbin da ba a taɓawa, da ramin da giwan ruwa ke kwanciya in ruwa ya janye, da wanda ya fara kafa gura a wane wuri. Ma'aikacin gandun daji mai hankali ba ya tsallake su, don mutum biyu ko uku a kan babur ba su iya tsare gaɓar da ta miƙe daga Boubon zuwa Kollo.

Saboda haka in ka je sabon wuri, ka fara da sallama. Ka nemi babba, ka ce: "Baba, ina kwana, ya ruwa? Mun zo ɗan fatsa ne, ina ya dace mu zauna?" Sau da yawa zai nuna maka wurin da ya fi wanda ka zaɓa, kuma ka tsira daga sarƙe zarenka a mamarin wani. Mamari ƙugiyoyi ne masu yawa a jere a ƙarƙashin ruwa. Wanda ya tsinka shi ya jawo wa mai shi asarar kwanaki.

Da gaske kifi ya ragu, ko dai kewar zamanin da ce kawai?

Ya ragu, kuma ruwa ba ya tsami banza. Sai an fahimci yadda kogin ke numfashi a Yamai kafin a gane dalili. Cikowa biyu yake yi a shekara. Ta farko ta damina ce, a Agusta da Satumba, lokacin da Sirba da Dargol da Gorouol ke kwararo jan ruwa daga ɓangaren Burkina Faso. Ta biyu ita ce ruwan Gini, wanda ke daɗewa a fadamun tsakiyar Mali kafin ya iso mana cikin sanyi, wajen Disamba da Janairu. Daga nan sai ya yi ta janyewa har Mayu da Yuni. Yawancin kifinmu da cikowar damina suke hayayyafa: tarwaɗa ta bi sabon ruwa ta shiga ciyawa ta zuba ƙwai, bargi ya yi sheƙa a cikin burgu, ƴaƴan su girma a fadama inda abinci yake da maɓoya. Shekarar da fadama ba ta sha ruwa sosai ba, ko aka datse ta da ganuwar gonakin shinkafa, zuriyar wannan shekarar ta yi ƙaranci.

Farin shekarun 1970 da 1980 ya karya wannan tsari, har a Yunin 1985 kogin ya daina gudu a Yamai. Ruwa ya dawo daga baya, wani lokaci ma da fushi, kamar ambaliyar 2012 da ta Satumbar 2020, amma ya dawo ya tarar da gado cike da rairayi. Tudun da aka sare wa itace ba su riƙe ƙasa, koramu sai su kwaso ta su juye a kogi. Wanda ya tsaya kan gadar Kennedy a watan Mayu zai ga tsibiran yashi, da shanu suna kiwo a inda jirage ke wucewa a da. Ramuka masu zurfi da manyan kifi ke fakewa cikin rani su ne farkon abin da yashi ke cikewa.

A kan wannan sai a ɗora sauran: ƙazamin ruwan gari da kwarin Gountou Yena ke kawowa, leda, kainuwa da ke rufe fuskar ruwa, dagwalon masu haƙar zinariya a yankin Sirba, ruwan da ake karkatarwa tun daga madatsar Markala a Mali, da yawan raga a kan kifin da ya rage. Masu ɗora laifin duka a kan masunta sun zaɓi mai sauƙin zargi ne. Masunci ya ƙanƙanta idon ragarsa ne bayan babban kifi ya yi wuya, ba kafin nan ba.

Ƙugiya ɗaya tak, wace ɓarna za ta yi wa kogi guda?

Ta yawan kifi, kaɗan ce. Ta irin kifin da take ɗauka, ba kaɗan ba ce. Ɗan fatsa babba yake nema, don shi ake ɗauka hoto a tura wa abokai. A giwan ruwa kuwa mafiya girma galibi mata ne, kuma babbar mace guda tana ɗauke da ƙwai miliyoyi. Fitar da ita gab da damina daidai yake da manomi ya daka irinsa ya yi tuwo. Ƙarfasa ma uwa ce ke riƙe ƙwai da ƴaƴa a cikin bakinta. In ka ciro ta ka ga tana tofar da ƙananan ƙwai rawaya a tafin hannunka, ba kifi ɗaya ka kama ba.

Sai tarkacen da muke bari. Zaren roba ba ya ruɓewa, yana naɗe ƙafar tsuntsu, ƙugiya kuma tana jiran ƙafar mai wanki ko yaron da ya zo wanka. Wannan laifinmu ne mu kaɗai, ba na masu raga ba.

Mayar da kifi ruwa bayan an kama shi ba almubazzaranci ba ne?

A garin da mutane ke neman na miya, sakin kifi a gaban mai buƙata abu ne mai nauyi, kuma ba a ce kowa ya saki duk abin da ya kama ba. Abin da ya dace a mayar uku ne: ƙaramin da bai kai haihuwa ba, uwa mai ƙwai, da ƙaton da ya wuce misali. Matsakaici ka kai gida, ko ka miƙa wa wanda ke kusa da kai.

In za ka saki, ka yi shi yadda zai rayu. Ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, don santsin jikinsa shi ne rigarsa. Kada ka sa yatsa cikin kunnensa, kada ka ajiye shi kan yashi mai zafi. In ya haɗiye ƙugiya har ciki, yanke zaren ya fi tono. Ka riƙe shi cikin ruwa kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa har ya fizge da kansa. Matse ƙayar ƙugiya da filaya tun a gida yana sauƙaƙa duk wannan. Ƙurungu kuwa ka kula da ƙayoyinsa, minjirya ka bar ta da sanda.

Yaya ƴan fatsa na ƙasashen da ke da teku suka samu murya?

Da kuɗi da ƙidaya. A Amurka akwai haraji a kan kayan fatsa, kuma tun 1950 doka ta ce a riƙa mayar da kuɗin ga jihohi don gyaran ruwa da renon kifi. Wanda ke biya kuwa yana da bakin tambaya. Dokar 1976 da ta tsara kamun kifi a tekun ƙasar ta kafa majalisu takwas na yankuna, inda masu sha'awa ke samun kujeru tare da masu manyan jirage da masana. A 2017, da aka ba masu sha'awa kwana uku kacal su kama wani jan kifi mai daraja a ruwan tarayya na mashigin tekun Meziko, sun yi ca har aka ƙara musu kwanaki, kuma a ƙarshen 2018 aka sa hannu kan wata doka da ta kula da buƙatunsu.

A Ingila mai fatsa a kogi sai ya yanki lasisi, kuma daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an rufe koguna ga yawancin kifi saboda hayayyafa. Ƙungiyoyinsu sun dunƙule wuri guda a 2009, suna da lauyoyi da ke kai masu gurɓata ruwa kotu. Ba kullum suke cin nasara ba: a 2015 Tarayyar Turai ta ƙayyade musu kifi uku a rana na wani nau'in kifin teku da ya fara ƙarewa, daga baya ma aka ƙara matsewa.

To mu kwaikwaye su mana, mu nemi namu kason?

A'a. A can rigimar tsakanin miliyoyin masu sha'awa ce da kamfanoni masu jirage. A nan wanda ke ɗaya gefen talaka ne mai jirgin katako guda. Ƙungiyar ma'aikata da ƴan boko da za ta je ofis ta nemi a kori raga daga wani yanki don ta ji daɗin hutun Lahadi, za a saurare ta da wuri, tunda ta iya faransanci kuma ta san mutane, kuma wannan ne haɗarinta. Jagoran FAO na 2014 kan ƙananan masunta ya sa haƙƙin masu cin abinci da ruwa a gaba, kuma haka ya kamata.

Abin kwaikwayo a wurinsu biyu ne: riƙe ƙidaya, da tsayawa kan masu ɓata ruwa. A waɗannan biyun buƙatar ɗan fatsa da ta masunci ɗaya ce. Alƙalaminmu da wayarmu da sanayyarmu su yi wa maganar masunta rakiya zuwa inda ba ta saba isa ba.

Me za mu kai gaban hukuma ban da koke?

Littafi. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima, kuma "kifi ya ragu" magana ce da kowane jami'i ya sha ji. Kowane ɗan fatsa ya ajiye ƙaramin littafi cikin leda a jakarsa. Duk fita ya rubuta rana, wuri, sa'ar da ya fara da wadda ya tashi, launin ruwa, irin kifi da tsawonsa. Ka zana santimita a jikin sandarka da wuƙa, ka huta da neman ma'auni. Ranar da ba ka kama komai ba ma ka rubuta, don ita ce aka fi ɓoyewa alhali ita ta fi faɗin gaskiya. Ka ga matattun kifi suna yawo, ko ruwa ya canza launi a bakin wata magudana, ka ɗauki hoto mai kwanan wata.

In mutum ashirin suka yi haka shekara biyu a wurare daban-daban, sun tara abin da sashen kula da kifi da masu bincike na jami'ar Abdou Moumouni za su so gani. Da shi ne za a iya cewa a wane wata ake samun uwaye masu ƙwai a wane gurbi, wanda shi ne ginshiƙin tambayar da ke biye.

Rufe ruwa na wani lokaci yana da amfani? Mu ma zai shafe mu?

Yana da amfani, kuma ba baƙon abu ba ne. A Argungu, bikin da aka faro a 1934 ya dogara ne ga hana kamun kifi a kogin Matan Fada sauran shekara. A jihar Tahoua, tafkin Tabalak da ke kimanin kilomita 50 daga birnin Tahoua a hanyar Agadez, da na Dan Doutchi, sun shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005. Irin waɗannan tafkuna ana zuba musu ƴaƴan kifi, sannan a dakata har su girma. Tafki ya fi kogi sauƙin tsarewa, don masu shi sanannu ne kuma kifin ba ya ƙaura zuwa wata ƙasa.

Eh, zai shafe mu, kuma mu ya kamata mu fara naɗe zarenmu. Mai sha'awa da ya nemi a rufe wa masu raga shi a bar shi ya zubar da mutuncin maganarsa. Sannan duk shawarar rufewa ta zo da amsar abin da gidan masunci zai ci a watannin, in ba haka ba da dare za a riƙa shiga.

Madatsar Kandadji alheri ce ga kifi ko akasin haka?

Duka biyun. Madatsar tana kimanin kilomita 180 sama da Yamai, kusa da Ayorou. An aza tubalinta a 2008, an tsara ta ba da megawat 130 ta kuma riƙe ruwa don kada abin da ya faru a 1985 ya maimaitu. Ƙarin ruwa cikin rani taimako ne ga kifi. Amma bango yana tare kifin da ke hawa sama, kuma in aka danne cikowa fadamu ba za su sha ba, alhali an ga a amsar raguwar kifi cewa can ne gidan haihuwa. A Kainji da ke Najeriya, bayan kammala madatsar can a 1968, kamu ya yi tashin gwauron zabo a shekarun farko sannan ya faɗo.

Abin da ya cancanci a nace a kai shi ne jadawalin sakin ruwa: nawa, a wane wata, kuma wa za a tambaya kafin a tsai da shi.

Dorina da ayu fa?

Doka ta kare su duka biyu, kuma a 2017 an keɓe wa dorina mafaka a yankin Ayorou. Dorina tana kifar da jirgi tana cinye shinkafa, don haka kada ka yi wa wanda ta yi wa ɓarna wa'azin kare dabbobi daga kan tudu. Ka ga kunnuwa da hanci a saman ruwa, musamman mai ɗa, ka tattara kayanka. Wuraren da ke nesa da gari kuma, sama ko ƙasa, ka tambayi halin tsaro kafin ka kama hanya.

Na ga ana zuba guba ko jan gidan sauro. In kai ƙara?

Guba da wuta ka kai, ba jinkiri, don wanda zai ci kifin ma yana cikin haɗari. Kada ka yi fito-na-fito da kowa. Ka riƙe wuri da lokaci, ka sanar da sarkin ruwan yankin da ofishin gandun daji mafi kusa. Hoton fuskar mutum a Facebook ba ƙara ba ce, gaba ce kake saye, kuma ta iya faɗawa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Yara masu gidan sauro kuwa, magana da iyayensu ta bakin dattijon gaɓa ta fi kiran hukuma aiki.

Ta ina za mu fara in muna son ƙungiya?

Ku fara da aiki kafin takarda: littafin kamu, da ranar kwashe leda da zare a gaɓar da kuke zama, tare da masu wanki da masu lambu da ke wurin. In abin ya zauna, sai ku rubuta tsarin mulki da sunayen shugabanni ku kai wa hukuma bisa dokar ƙungiyoyi ta 1 ga Maris 1984, ku kai kwafi sashen kula da kifi da ma'aikatar magajin garin da gaɓarku ke ciki. Ku ware kujera ga masunta da mata masu sayar da kifi, kujera mai ƙuri'a. Taro kuma a sa shi da hantsi bayan an dawo daga duba raga, a bakin ruwa, da Hausa da Zabarmanci, kuma kuɗin shiga kada ya wuce abin da mai fatsar miyar dare zai iya biya.